YADDA AKA RABA INDIYA: DARASI GA MAZAUNA ZANGO

 

Muna godiya ga kwamitin ilmi da ya ɗora mana nauyin wannan jawabi. Da muka faɗi abin da za mu yi magana a kansa, wani dattijo ya ce da mu, to mu ina ruwanmu da Indiya, in ban da fim? Muka ce masa, Baba, ai daga fim ɗin ma za mu fara. Yawancinmu nan mun taso da kallon finafinan Indiya, mun san Dilip Kumar, mun san muryar Muhammad Rafi. To amma mutum nawa ne suka san cewa sunan Dilip Kumar na yanka Muhammad Yusuf Khan ne, kuma a birnin Feshawar aka haife shi a 1922? A wannan birni dai aka haifi Raj Kapoor, ɗan gidan Hindu, a 1924. Yau Feshawar tana cikin Fakistan, ƙasar da babu ita sa'ad da aka haife su. Yadda garin haihuwar mutum ke zame masa ƙasar waje rana ɗaya, shi ne labarin da muka zo da shi, kuma duk wanda ke zaune nesa da garin kakanninsa ya kamata ya kasa kunne.

Kafin zuwan Turawa

Musulunci ya daɗe a Indiya. Fatake Larabawa sun kai shi gaɓar teku ta kudu tun farkon zamani, daga baya sarakunan Musulmi suka kafa mulki a Delhi. A 1526 Babur ya kafa daular Mugal. Talakawan wannan daula mafi yawansu mabiya addinin Hindu ne. Zaman nasu kuwa irin na zo mu zauna ne, zo mu saɓa. Sarki Akbar ya soke jiziya a 1564, ya naɗa Hindu a manyan muƙamai na soja da na baitulmali. Sarki Aurangzeb ya dawo da ita a 1679. An yi yaƙe-yaƙe, an rusa wuraren ibada, ba za mu ɓoye wannan ba. Sai dai a yawancin yaƙe-yaƙen nan za ka tarar da Hindu a rundunar sarki Musulmi, ka tarar da Musulmi a rundunar sarki Hindu. Manomi Musulmi na Bangal harshensa ɗaya da maƙwabcinsa Hindu, shinkafa da kifi ɗaya suke ci, bai ma jin abin da Musulmin Fanjab ke faɗi. In ka tambayi mutum ko shi wane ne, garinsa da danginsa da sana'arsa suna cikin amsar da zai ba ka, tare da addininsa.

Turawan Ingila da ciniki suka shigo, ta hannun wani kamfani da aka ba izini a 1600. Bayan yaƙin Filasi na 1757 kamfanin ya zama mai karɓar haraji da ajiye soja. A 1837 aka cire Farisanci daga kotuna, harshen da malaman Musulmi da magatakardan Hindu da yawa suka ci abinci da shi shekaru aru-aru. Wanda ya rungumi Turanci da wuri shi ya sami aikin gwamnati, kuma 'yan Hindu na Kalkata da Bombai da Madaras su suka riga shiga makaranta. Ku riƙe wannan, don rigimar da ta biyo baya da yawanta a kan aikin ofis ne da kujera.

Boren 1857

A 1857 sojojin Indiya da ke ƙarƙashin kamfanin suka yi bore. Abin da ya tunzura su sabon harsashi ne wanda sai an ciji bakin takardarsa kafin a ɗura, aka kuwa ce an shafe shi da kitsen shanu da na alade. Saniya abar girmamawa ce ga Hindu, alade kuwa haramun ne ga Musulmi, sai ɓacin rai ya haɗa su. Suka tashi daga Mirat ranar 10 ga Mayu, suka shiga Delhi, suka ɗaga tsohon sarkin Mugal Bahadur Shah ya zama jagoransu. Har an hana yanka shanu a Delhi a babbar sallar wannan shekara don kada a ɓata haɗin kan.

Turawa suka murƙushe boren da zalunci mai yawa. Suka kai sarkin gudun dole Rangun, inda ya rasu a 1862. Suka fi ɗora laifin a kan Musulmi, suka kore su daga cikin birnin Delhi, babban masallacin Juma'a ma sai 1862 aka mayar musu. A 1858 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfani. Darasin da Turawa suka ɗauka shi ne, ranar da waɗannan mutane suka sake haɗa kai, zamansu ya ƙare.

Ƙidaya da littafi

Jama'a, ba kullum ake raba mutane da bindiga ba, alƙalami ma yana yi. Tun 1817 wani Bature mai suna James Mill, wanda bai taɓa taka ƙasar Indiya ba, ya rubuta tarihinta, ya kasa shi gida uku: zamanin Hindu, zamanin Musulmi, zamanin Ingilishi. Da irin wannan rabo aka koyar da yara a makarantu. Yaron Hindu ya taso yana ganin Musulmi baƙi ne da suka ƙwace ƙasar kakanninsa, yaron Musulmi ya taso yana ganin su ne masu sarautar da aka tuɓe.

Sai kuma ƙidaya. An yi ta farko a 1871 zuwa 1872, daga 1881 kuma aka riƙa yi duk bayan shekara goma, kowa a rubuta addininsa. Daga nan kowace al'umma ta san yawanta a kowane lardi, kowa ya shiga lissafi, mu nawa ne, su nawa ne, wa ke ƙaruwa, wa ke raguwa. A ƙidayar 1941 Musulmi sun kai wajen miliyan 92 cikin mutum miliyan 389, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Suna da rinjaye a arewa maso yamma da gabashin Bangal, a sauran ƙasar kuwa su ne 'yan tsiraru. In kun tuna, ƙidayar Nijeriya ta 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ko ƙabila ba, saboda gudun irin wannan lissafi.

Kada mu ce komai Bature ne ya ƙulla. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan zamani kowane ɓangare ya tashi gyaran gidansa. Malamai suka kafa makarantar Deoband a 1866 don tsare ilmin addini. Sayyid Ahmad Khan ya buɗe makarantar Aligar a 1875 don 'ya'yan Musulmi su sami ilmin zamani. A wannan shekara ta 1875 Dayananda Saraswati ya kafa ƙungiyar Arya Samaj don farfaɗo da addinin Hindu. Gyaran gida ba laifi ba ne, amma sai ya zo da zana iyaka. Aka kafa ƙungiyoyin kare shanu, a 1893 aka yi mummunan rikici a kan layya a wurare da dama. Aka shiga gardamar harshe: maganar kasuwa ɗaya ce, amma in an rubuta ta da baƙaƙen Larabci a ce Urdu, in an rubuta da baƙaƙen Nagari a ce Hindi. Kiɗa a ƙofar masallaci lokacin salla ya zama abin zubar da jini.

Kujera ta shigo

A 1885 aka kafa jam'iyyar Kongires a Bombai. Ta ce ita ta kowa ce, har ma shugabanta na uku, Badruddin Tyabji, Musulmi ne. Amma Sayyid Ahmad Khan ya gargaɗi Musulmi su nisance ta. Hujjarsa ita ce, in aka zo zaɓe, kowa nasa zai zaɓa, mai ƙuri'a ɗaya kuwa ba ya kayar da mai huɗu.

A 1905 Gwamna Curzon ya raba lardin Bangal biyu, gabas ta zama mai rinjayen Musulmi. 'Yan Hindu masu ilmi suka ga an yi ne don a karya su, suka tashi da ƙauracewa kayan Ingila. A watan Oktoba 1906 manyan Musulmi ƙarƙashin Aga Khan suka je Simla wajen Gwamna Minto, suka roƙi a ware musu kujeru. A watan Disamba aka kafa jam'iyyar Muslim Lig a Daka. A 1909 aka ba su abin da suka roƙa: kujerun Musulmi daban, kuma Musulmi kaɗai ke jefa ƙuri'a a kansu.

Nan fa muke so a tsaya a yi tunani. A ido wannan tsari kariya ce ga 'yan tsiraru, kuma tsoron da ya haife shi tsoro ne na gaskiya. To amma dubi abin da yake koya wa ɗan siyasa. Ɗan takara Musulmi ba ya bukatar ƙuri'ar Hindu ko ɗaya, saboda haka ba shi da dalilin zuwa unguwarsu ya saurare su. Ɗan takara Hindu shi ma haka. Wanda ya fi iya tsorata mutanensa da ɗaya ɓangaren, shi ke da riba. An yi kusan shekara arba'in ana zaɓe a kan wannan tsari.

Lokacin da aka kusa haɗuwa

Duk da haka an sami lokacin da aka haɗa kai. A 1916 Kongires da Lig suka ƙulla yarjejeniya a Laknau, aka amince Musulmi su sami kashi ɗaya cikin uku na zaɓaɓɓun kujerun majalisar tsakiya. Wanda ya fi kowa wahala a kan wannan sulhu wani lauya ne ɗan Bombai, Muhammad Ali Jinna, wanda a lokacin yana cikin jam'iyyun biyu. Ranar 13 ga Afrilu 1919 Janar Dyer ya sa aka buɗe wuta kan taron jama'a a Amritsar. Gwamnati da kanta ta amsa mutum 379 sun mutu, mutanen ƙasa suka ce sun fi haka nesa. Jinin Hindu da Musulmi da Sik ya gauraya a fili ɗaya.

Bayan yaƙin duniya na farko Musulmin Indiya suka tashi kare halifancin Turkiyya, ƙarƙashin 'yan'uwa biyu, Muhammad Ali da Shaukat Ali. Mahatma Gandi ya mara musu baya, aka haɗa wannan da ƙin ba Turawa haɗin kai. Mutane suka bar makarantun gwamnati, lauyoyi suka bar kotu. Amma a Fabrairu 1922 masu zanga-zanga suka ƙona ofishin 'yan sanda a Cauri Caura, 'yan sanda 22 suka mutu, Gandi ya dakatar da gwagwarmayar. A 1924 Turkawa da kansu suka soke halifanci. Abin da aka taru a kansa ya watse, kowa ya koma gidansa da fushi.

Shekarun da suka biyo baya sun yi muni. A 1923 Savarkar ya fitar da littafinsa na aƙidar Hindutva, inda ya nuna cewa ɗan ƙasa na sosai shi ne wanda Indiya ce ƙasar kakanninsa kuma ita ce ƙasarsa mai tsarki. Kun ga ke nan an fitar da Musulmi da Kirista. A 1925 aka kafa ƙungiyar RSS a Nagpur. Arya Samaj ta shiga mayar da wasu Musulmin karkara cikin addinin Hindu, Musulmi su ma suka tashi da nasu wa'azi, kuma cikin wannan yanayi ne Jama'atut Tablig ta fito a yankin Mewat a 1926. A 1928 rahoton Motilal Nehru ya ƙi tsarin zaɓe na dabam, Jinna ya nemi a yi wasu gyare-gyare, aka ƙi.

Daga 1937 zuwa rabuwa

Ga wani abin mamaki. A zaɓen larduna na 1937, Lig ba ta ci ko kashi ɗaya cikin huɗu na kujerun Musulmi ba. A Fanjab, inda Musulmi ke da rinjaye, kujerun da ta samu ba su wuce biyu ba. Can jam'iyyar manoma da masu gonaki ce ta ci, wadda ta haɗa Musulmi da Hindu da Sik. Ƙarfin Lig yana wuraren da Musulmi ke 'yan tsiraru, irin su Bombai da lardin da yau ake kira Uttar Pradesh. Su ne masu tsoro, su ne masu neman mafaka.

A wannan lardi Kongires ta ci zaɓe, ta ce ba za ta ɗauki 'yan Lig cikin gwamnati ba sai sun narke cikinta. Jinna ya ɗauki wannan ya zagaya ƙasa da shi, yana nuna wa Musulmi cewa ga irin zaman da ke jiransu in Bature ya tafi. Ranar 23 ga Maris 1940 aka gabatar da ƙudurin Lahor, Lig ta ce Hindu da Musulmi al'umma biyu ne, kowa ya sami ƙasarsa. A 1942 Turawa suka kulle shugabannin Kongires saboda sun ce su fice daga Indiya, fili ya zama na Lig har kusan ƙarshen yaƙi. A zaɓen 1945 zuwa 1946 Lig ta cinye kujerun Musulmi 30 na majalisar tsakiya gaba ɗaya, da mafi yawan na larduna. Sai dai a sani, masu dukiya da masu ilmi ne ke da ƙuri'a a lokacin, yawancin talakawa ba wanda ya tambaye su.

Kuma ba duk Musulmi ne suka yarda da rabuwa ba. Maulana Abul Kalam Azad, babban malami, shi ne shugaban Kongires daga 1940 zuwa 1946. Maulana Husain Ahmad Madani na Deoband ya tsaya a kan cewa mutane masu addini dabam-dabam suna iya zama 'yan ƙasa ɗaya. Khan Abdul Gaffar Khan, jagoran Fatan, shi ma ya ƙi. Babbar tambayarsu ita ce, to Musulmin da za a bari a baya fa, ina za su sa kansu?

A 1946 Ingila ta kawo shawarar tarayya mai sassauci, larduna su riƙe ikonsu, tsakiya ta riƙe tsaro da harkokin waje da sadarwa. Lig ta amince, amma a watan Yuli Jawaharlal Nehru ya yi maganar da ta nuna Kongires na iya sauya tsarin daga baya, Lig ta janye. Ranar 16 ga Agusta 1946 rikici ya ɓarke a Kalkata, cikin 'yan kwanaki aka kashe wajen mutum 4,000. Aka rama a kan Hindu a Noakali. Aka rama a kan Musulmi a Bihar. Wutar ta isa Fanjab. A kowane wuri wanda aka kashe bai san hawa ba bai san sauka ba, laifinsa kawai addininsa ɗaya da wasu da suka yi ɓarna a wani gari mai nisa.

Mountbatten ya zo a Maris 1947, ya matso da ranar tafiya. Aka ɗauko lauya Radcliffe, wanda bai taɓa zuwa Indiya ba, aka ba shi mako biyar ya ja iyaka a Fanjab da Bangal. Fakistan ta sami 'yanci ranar 14 ga Agusta, Indiya ranar 15, amma ba a bayyana iyakar ba sai ranar 17. Mutane sun yi bikin 'yanci ba su san ƙasar da suke ciki ba. Tsakanin mutum miliyan 12 zuwa 15 suka bar gidajensu. Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda suka mutu daga dubu ɗari biyu har zuwa miliyan biyu. Jiragen ƙasa suna isowa tasha cike da gawa. An sace dubban mata daga kowane ɓangare. Gandi, wanda ya yi ta azumi don a daina kisa, wani ɗan Hindu mai tsattsauran ra'ayi, Nathuram Godse, ya harbe shi ranar 30 ga Janairu 1948. Jinna ya rasu a watan Satumba na wannan shekara.

Wa ya biya bashin?

Waɗanda suka fi ɗaga murya a kan Fakistan su ne Musulmin da ke zaune cikin rinjayen Hindu, kuma garuruwansu ba su faɗa cikin Fakistan ba. Wasu suka bar gidaje da shaguna da kaburburan iyaye suka tafi Karaci, inda har yau ake kiran zuriyarsu Muhajir. Wajen miliyan 35 suka zauna a Indiya, yawansu ya ragu, manyansu da yawa sun tafi, ana kuma yi musu kallon tuhuma. A ƙidayar 2011 sun kai miliyan 172, kuma rusa masallacin Babri ranar 6 ga Disamba 1992 ya nuna cewa ciwon bai warke ba. Hindu da Sik na Lahor da Karaci su ma haka suka rasa komai. Ita Fakistan ɗin addini ɗaya bai hana ta tsagewa ba, a 1971 gabashinta ya ɓalle ya zama Bangaladash, bayan rigimar harshe da ta mulki da yaƙi mai muni. Kashmir kuwa har gobe ana jayayya a kanta, tsakanin ƙasashe biyu da suka gwada makaman nukiliya a 1998.

To jama'a, Indiya dabam, Nijeriya dabam, ba mu ce abin da ya faru can dole ya faru nan ba. Amma Bature ɗaya ne ya mulke mu, shi kansa Lugga a Madaras aka haife shi a 1858, kuma ya yi aikin soja a Indiya kafin ya zo nan. Kalmar a raba ma mun taɓa jin ta a 1966. Mun ga abin da ya faru a Shagamu a 1999 da ramuwar da ta biyo baya a Kano, mun ga na kasuwar Shasha a Ibadan a 2021. Mun san duk ranar da aka taɓa baƙo a can gida, mu ne nan ba ma barci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ga roƙonmu. Duk mai zuwa yana hura mana wutar rabuwa, mu tambaye shi inda iyalinsa suke kwana, domin mu namu suna nan. In labari ya zo cewa an yi kaza a gari kaza, kada a yaɗa shi a waya ko a majalisa sai an kai wa Sarki da shugabanni sun bincika. Mu riƙa aika wa 'yan'uwanmu na Arewa cewa kare baƙon da ke cikinsu kare mu ne. Mu yi rajistar zaɓe a nan inda muke, mu sa ɗan takara na gari ya san yana bukatar ƙuri'armu, mu ma muna bukatar aikinsa. Yaranmu su riƙe Hausa da karatun addini, su kuma iya harshen masu masaukinmu, su shiga makaranta tare da 'ya'yansu. Zumuncin da ke tsakanin fadar Sarkinmu da fadar sarkin gari, da wanda ke tsakanin shugabannin kasuwa, a riƙa raya shi tun ana zaman lafiya, kada a bari sai ranar tashin hankali a fara neman lambar waya.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a gafarce mu, malamai kuma su gyara mana. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan zango, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.